Ƙugiya Biyu a Bakin Kifi Ɗaya

Kifi mafi girma da aka kama bana a jirgin Kyaftin Kaburagi har yau ba shi da mai shi. An cinye shi tun watan Afrilu. Hotonsa na tawada yana manne a bangon ɗakin jiran jirgi, an rubuta tsawonsa da nauyinsa da ranar da aka kama shi, Kyaftin kuma ya buga hatiminsa a matsayin shaida. Gurbin sunan wanda ya kama shi ne kawai yake fari fat. Mutum biyu ne ke da ikon cika gurbin. Ɗaya ni ne, Hozumi, tsohon mai gyara labarai a wata jaridar lardi, yanzu ɗan fansho. Ɗayan kuwa Nagamine ne, mai sana'ar tabarma daga can cikin duwatsun Nagano, wanda ɗansa zai auri 'yata Chizuru a ƙarshen kaka.

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi, a kan wani tudun duwatsu da ke ƙarƙashin teku, nesa da gaɓar Izu.

Sai na fara da bangon, don shi ne maganar. Duk wanda ya kama tai, jan kifin nan na ranar biki, har ya kai tsawon katakon da ke kafe a bakin ƙofa, matar Kyaftin, wadda kowa ke kira Okami, takan goge kifin ta shafa masa tawada, ta shimfiɗa takarda a kansa, ta bi da yatsu tana dannawa har kowane ɓawo na jikinsa ya fito. Ido ne take bari na ƙarshe, ta zana shi da alƙalamin gashi. Daga nan ta rubuta sunan mai kifi ta manna a bango. Sunan kowa a cikin masu zuwa kullum yana nan. Akwai na mutanen da suka rasu. Ukita, likitan haƙori, wanda ba ya zuwa sai ya ga dama, yana da uku.

Ni na fi su duka daɗewa ina hawan jirgin nan. Na san Kyaftin tun yana da gashi. Sunana ba ya bangon. A wurinmu in mutum ya dawo bai kama komai ba akan ce ya yi ƙwal-kwabo, wato kai babu ko gashi ɗaya, kuma an kai ga Ukita ba ya ce mini ina kwana, sai dai ya shafa kansa daga nesa. Ban taɓa nuna abin ya dame ni ba. Amma na san wurin da takardata za ta zauna in ta zo: sama da tukunyar shayi, inda kowa ke ɗaga kai yana jiran ruwa ya tafasa.

Matata ce ta kawo shawarar in kai Nagamine teku.

"Baban Chizuru," ta ce, "ka kai mutumin nan kamun kifi. Duk ranar da aka haɗa ku kuna zama kamar masu jiran likita. A jirgi ko ba ku ce uffan ba babu mai lura."

Tana da gaskiya, amma ba rashin magana ne ciwonmu ba. Ni mutum ne mai alfahari da cewa ba a riga ni barin wa wani wuri. Nagamine ya nuna mini ashe ni ɗan koyo ne. Ranar da iyalanmu suka fara haɗuwa mun tsaya a ƙofar gidan abinci, kowa na nuna wa ɗan'uwansa hanya, har mai kawo abinci ta zo ta wuce ta tsakaninmu da tire. Yankan kifi na ƙarshe da ya rage a faranti ya koma kicin. Nagamine mutum ne gajere, mai kaurin yatsu, mai sanyin murya, kuma idan ya ce "sai kai" yakan faɗe ta ne kamar an riga an gama shari'a.

Bai taɓa riƙe sandar kamun kifi ba, don haka ni na haɗa masa kaya tun a gida. Na ba shi sandata ta biyu. Na ɗaura mana ƙugiya daga kwali ɗaya, da zare daga naɗi ɗaya, da ƙullin nan nawa da nake taƙama da shi. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

A jirgin Kaburagi wanda ya riga zuwa shi ke zaɓar wurin zama, ya cire ɗan katako mai lamba daga jikin allo. Kusurwar baya ta fi ko'ina, can kifi ke fara tarar da abinci. Na yi sammako na cire katakon kusurwa da na kusa da ita. Da muka hau, na nuna wa Nagamine kusurwar.

"Haba, Hozumi-san. Ni da ban san gaba da bayan jirgi ba? Ɓata wurin zan yi."

"Kai baƙo ne, Nagamine-san."

"Baƙo ai inda aka ga dama ake ajiye shi. Sai kai."

Muna cikin haka lasifika ta yi ƙara. "Ku biyun nan na baya," in ji Kyaftin, "ku zauna, ruwa ba ya jiran kowa."

Ukita ya ajiye kularsa a kusurwar ya zauna ya miƙe ƙafa. "Tunda babu mai so," ya ce. Mu muka matsa gaba, kafaɗa da kafaɗa.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ka cika ɗan keji da ƙananan jatan lande, ka soka guda a ƙugiya, ka saki. Ƙasan kejin akwai dogon zare siriri da ƙugiyar ke lilo a ƙarshensa. Kyaftin ya faɗi zurfin da za a tsaya, kowa ya tsaya nan, ba sama ba ƙasa. Sai ka girgiza sanda abinci ya watse, ka kafa ta, ka jira. Na yi wa Nagamine bayanin duk wannan da muryar wanda ya sani. Ya saurara yana gyaɗa kai. Igiyar ruwa ba ta yi masa komai ba, har ya buɗe ƙunshin shinkafarsa yana ci yana yaba launin teku. Ni kuwa cikina ya fara abin da ya saba, wanda shekaru ba su hana shi ba.

Tun safe babu abin da ya zo sai ƙananan kifaye ɓarayin abinci. Da hantsi ya yi ruwa ya juya. Kyaftin ya gyara tsayuwar jirgi a kan duwatsun, ya ce akwai babba a ƙasa, kada kowa ya motsa.

Kan sandata ya nutse cikin ruwa. Na Nagamine ma ya nutse. Wanne ya riga, ba zan iya faɗa ba, domin a daidai lokacin kaina yana cikin bokiti ina amai. Ukita ya ce yana kunna taba. Kyaftin yana kallon na'urarsa. Sauran mutane suna ɗaya gefen.

Na cafki sanda. Ban taɓa jin nauyi irin wannan ba. Zare na fita da kuka, ya tsaya, ya yi dukan nan uku-uku da tai ke yi da kansa, ya sake fita. A gefena Nagamine ya rungume tasa sandar kamar za a ƙwace masa, yana naɗi a hankali yadda na koya masa.

"Hozumi-san, ina jin na kama ƙasa."

"Ƙasa ba ta gudu! Ci gaba da naɗi!"

Kyaftin ya sauko daga ɗakinsa, ya dubi zarena, ya dubi nasa, ya ga duk wuri ɗaya suke nufa. "Kun harɗe," ya ce. "Ku naɗa tare. Hozumi-san, rage sauri, kana jan surukinka ne."

Ina zaton rabin ƙarfin da na ji a hannuna na kifi ne, rabi na mai tabarma.

Kejina da nasa suka fito a manne, zaren ƙasa ya zama dunƙule. Kyaftin ya kama da hannu yana ja a hankali. Can sai ga ja yana tasowa daga cikin shuɗi, yana girma, har ya kwanta a gefensa a saman ruwa. Ukita ya zura koma ya kwaso shi, sai da ya sa hannu biyu. Kifin ya buga daɓen jirgi sau ɗaya ya yi shiru. Goshinsa a kumbure irin na tsofaffi, da shuɗin ɗigo-ɗigo a bayansa. Ba sai an kai shi jikin katako ba.

Kyaftin ya yi abin da yakan yi wa kowane harɗaɗɗen zare: ya zaro almakashi ya datse dunƙulen daga sama da ƙasa, ya jefa a kwandon shara. Bayan ya datse ne ya buɗe bakin kifin. Ƙugiya biyu. Ɗaya a leɓe, ɗaya can cikin maƙogwaro, zaren da za a bi a gane ta wa ce kuwa an riga an datse shi.

Dokar jirgi ba ta da ruɗani: in zare ya harɗe, kifi na wanda ƙugiyarsa ke baki ne.

"Wannan ta wa ce?" in ji Kyaftin, yana nuna ta leɓe.

"Tawa ce," na ce.

"Ta cikin fa?"

Na leƙa. Ƙullina ne, ba shakka. "Ita ma tawa ce. Wato ni na ɗaura masa."

Kyaftin ya dube ni na ɗan lokaci, ya koma ɗakinsa.

Ban damu ba, domin na san yadda abin zai tafi. Zan ce nasa ne, ya ƙi. In sake cewa nasa ne, ya sake ƙi. Daga nan in yi ajiyar zuciya in karɓa, don kada in wahalar da baƙo. Haka ake yi, kowa ya fita da mutuncinsa, ni kuma in fita da kifi.

"Barka, Nagamine-san," na ce. "Ranar farko, ka kama kifin shekara."

"Ni? Haba dai. Sandarka ce, ƙugiyarka ce, ƙullinka ne. Ni hannu kawai na ara maka. Kuma taka ce ta fara lanƙwasa."

Ga ƙofa nan ya buɗe mini har bango. Kalma ɗaya ta rage, in ce "to". Sai dai maganarsa ta ƙarshe ba ta da shaida, ni kuwa na ƙarar da rayuwata ina jan layi a ƙarƙashin irin waɗannan maganganu.

"Ba a tabbatar ba," na ji bakina ya ce. "Babu wanda ya gani. Kuma ruwa daga gefenka yake zuwa, abincinka kifi zai fara tararwa."

"Amma kai ka ja shi."

"Kyaftin da kansa ya ce kai nake ja. Ka ji shi."

"Ni ƙasa na zata."

"Shi ya sa ka naɗa a hankali, zaren bai tsinke ba. Da ni kaɗai ne da na yi gaggawa ya tafi. Kowa a jirgin nan ya san ni da haka."

"Wannan gaskiya ne," in ji Ukita.

Na ci gaba. Na kawo hujjar iska, na kawo ta tsayuwar jirgi, na kawo sa'ar sabon shiga wadda kowa ya yarda da ita. Mutanen ɗaya gefen suka zagayo suna saurare. Ban taɓa tsara bayani mai kyau irin wannan ba, ko a zamanin da ake biyana don in yi. Ina gamawa wani ya tafa.

"Hozumi-san," in ji Ukita, "da a kotu ne da yanzu an ɗaure ka, kuma da bakinka."

Nagamine ya sunkuya ya ce bayanin ya fi ƙarfinsa, amma zuciyarsa ba za ta bar shi ba. Haka muka dawo tasha, kifin a kular Ukita, don tamu ba ta ɗauke shi ba.

A ɗakin jira Okami ta ɗora shi a jikin katako. Ya wuce da faɗin tafin hannu. Ta goge shi, ta shafa tawada, ta danna takarda, ta ɗaga. Ya fito har da tsagar da ke jelarsa. Ta zana ido. Ta rubuta tsawo da nauyi da rana da sunan jirgi. Kyaftin ya hura hatiminsa ya buga. Ta sake tsoma alƙalami ta ɗaga shi sama da gurbin.

"Sunan wa?"

Tukunyar shayi na huci. Na ɗaga kai, wurin nan da na daɗe da zaɓa yana nan babu komai. Na ga cewa in ban yi magana yanzu ba shi ke nan. Na ja numfashi.

"To, in dai haka ne..." na ce.

"To, in dai haka ne..." in ji Nagamine.

Tare muka fara, tare muka tsaya. Na juya na dube shi. Kunnuwansa sun yi ja. Idonsa ba a kaina yake ba, a kan takardar yake, kuma na san wannan kallon, don na sha ganinsa a gilashin tagar ɗakin nan. Ashe shi ma lissafinsa yake yi tun daga teku. Jira yake in ƙara tura shi sau ɗaya.

"Me za ka ce, Nagamine-san?"

"A'a, kai ka fara."

"Cewa zan yi a rubuta naka."

"Ni ma abin da zan ce ke nan. A rubuta naka."

Duk wanda ke ɗakin ya san ƙarya muke yi. Kuma daga wannan lokacin abin ya fi ƙarfin ladabi. Da can kyauta ce ake turawa. Yanzu duk wanda ya karɓa ya san daga hannun mai so ya karɓa, a gaban shaidu, ana saura 'yan watanni 'ya'yanmu su yi aure.

"A rubuta duka biyu mana," in ji wani.

"Tun zamanin surukina ba a taɓa ba," in ji Okami. "Kifi ɗaya, suna ɗaya."

"Su yi canke da hannu."

"Hatimina cewa yake mutum ya kama kifi," in ji Kyaftin daga ƙofa. "Ba ya cewa mutum ya ci wasan yara."

"Ni dai sunana gajere ne," in ji Ukita, "kuma ni na kwaso shi."

Okami ba ta ko dube shi ba. Ta jira har tawada ta fara bushewa a bakin alƙalami, ta wanke shi, ta manna takardar sama da tukunyar shayi. "Ranar da ɗayanku ya buɗe baki ya ce nawa ne, in rubuta," ta ce. "Amma ku sani, ranar sharar ƙarshen shekara nakan sauke duk takardar da ba ta cika ba."

Ta tsaga kifin biyu ta naɗe mana. Kan ya rage, wanda shi ne mafi daɗi in an dafa shi da miyar waken soya. Na ce Nagamine ya ɗauka. Ya ce sai ni. Ukita ya tafi da shi.

Matata ta saurari labarin tana yanka rabona. Ba ta katse ni ba har na gama.

"Wato kun yi magana," ta ce.

"Mun yi."

"To ai abin da na aike ka ke nan." Ta ɗora yanka a faranti. "Shekara nawa kana tashina da asuba saboda takardar nan, ta zo hannunka ka tsaya gyara wa mutum magana."

Na ce mata abin da ya faɗa ba shi da tushe. Ta ce in ci abinci.

Na koma jirgin sau da yawa kafin lokacin tai ya wuce, da tunanin cewa in na kama wani ni kaɗai, sai in bar wa Nagamine wancan da zuciya ɗaya. Ukita ya ci gaba da shafa kansa. Yanzu ina shan shayina ne ina fuskantar ƙofa.

Chizuru ta kai ziyara Nagano a tsakiyar shekara. Ta ce surukin nata ya sayi sanda, tana jingine a shago tsakanin tabarmi. Ta ce duk wanda ya shigo sai ya nuna masa hoton kifin a waya. Ba ya cewa shi ya kama. Ba ya cewa ba shi ba ne. Na ce wannan ba daidai ba ne, ya kamata mutum ya fayyace. Ta ce in ba ta wayata ta ga wani abu. Ban ba ta ba.

Makon jiya na buga wa Okami don in tambayi yanayin ruwa.

"Ruwa lafiya," ta ce. "Surukinka ma ya bugo shekaranjiya yana tambayar yanayin ruwa. Daga Nagano."

"Ya ce wani abu?"

"Ya tambaya ko ka ce wani abu."

"Me kika ce masa?"

"Abin da zan ce maka. Tawada na nan, alƙalami na nan."

An riga an tsara zaman biki. Teburina da na Nagamine suna kallon juna, kuma bisa al'ada ni zan je in zuba masa abin sha, shi ma ya zo ya zuba mini. Bayan bikin da 'yan makonni ne sharar ƙarshen shekara. Okami ta ce tururin shayi ya fara naɗe gefen takardar ta ƙasa, ta ƙara mata ƙusa. Har zuwa safiyar yau babu wanda ya ce nasa ne.